Folda, PDM, Onshape ko Git: Ina Ya Kamata Injiniyoyi Su Ajiye Zanensu Idan Aikin na Haɗin Gwiwa Ne?

Duk ofishin da injiniyoyi suka kai uku suna zana inji ɗaya, akwai tambayar da ba a wuni ba a yi ta ba: "Wanne ne na ƙarshe?" Amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Wanda na turo maka jiya a WhatsApp." Daga nan asara take farawa.

A ce ƙaramin kamfani ne da ke ƙera injin sussukar masara. An gwada na farko, aka ga sandar da ke juyawa a tsakiya tana lanƙwasa, sai injiniya ya ƙara mata kauri daga milimita 25 zuwa 30. Lamba ɗaya ya canza, amma ta ja wasu. Boris mai lamba 6205 ba zai ƙara shiga ba, sai 6206. Gidan boris ɗin da aka huda milimita 52 yanzu 62 yake nema. Ramin abin da bel ke hawa ya canza, jerin kayan da za a sayo ma haka. Idan mai sayayya yana riƙe da tsohon Excel, mai walda kuma tsohon PDF ne a wayarsa, za a sayo boris kwali guda wanda ba shi da amfani, a kuma yanka ƙarfe a kan ma'aunin da aka riga aka soke. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa da takardar da yake kallo.

Kada a ɗauka ciwon ƙananan kamfanoni ne kawai. Lokacin da Airbus ke ƙera jirgin A380, injiniyoyinsa na Jamus suna aiki da manhajar zane ta CATIA siga ta 4, na Faransa kuma siga ta 5, bayanan ba sa zama daidai tsakanin biyun. Da aka zo shimfiɗa wayoyin lantarki masu tsawon kimanin kilomita 500 a jikin jirgin, sai aka tarar wasu ba su kai tsawon da ake buƙata ba. Aikin ya yi jinkirin kusan shekara biyu, sai a Oktoban 2007 aka miƙa na farko ga Singapore Airlines, asarar kuwa ta biliyoyin yuro ce.

Abin da rumbun bayanai yake ƙarawa a nan shi ne raba fayil da labarin fayil. Zanen yana nan a matsayinsa, amma a gefe akwai teburi da ke cewa wannan sashi lambarsa kaza, sigarsa ta C ce aka amince da ita, wane ne ya amince ranar kaza, yana cikin inji kaza da kaza, kuma a yanzu wane yana gyara shi. Tsarin teburori masu alaƙa da juna tsoho ne, Edgar Codd na IBM ya bayyana shi tun 1970, kuma har yau a kansa yawancin manhajojin ajiyar zane suke zaune. Don haka duk hanyar da za a zaɓa, da tambayoyi huɗu nake auna ta: wace siga ce ingantacciya, wa ke riƙe da fayil ɗin yanzu, a ina da ina aka yi amfani da wannan sashi, kuma wa ya canza shi, saboda me. Akwai ta biyar da masu tallar manhaja ba sa yi, wadda mu dole mu yi: idan wuta ta ɗauke ko intanet ta katse, aiki zai ci gaba?

Foldar da kowa ke shiga

Google Drive, OneDrive, Dropbox, ko wata kwamfuta a kusurwar ofis da aka buɗe wa kowa. A nan kusan kowa ya fara, kuma ban ga laifin farawa da shi ba. Yana da arha, ba ya buƙatar horo, fayilolin suna kan kwamfutarka ko da babu intanet, in ta dawo su daidaita kansu.

Matsalar ita ce folda ba ta san me ke cikinta ba. Zanen inji a manhajojin zane irin SolidWorks ko Inventor ba fayil ɗaya ba ne. Fayil ɗin haɗaɗɗen inji yana nuni ne kawai zuwa ga fayilolin sassansa, wataƙila ɗari biyu ko uku, zanen takarda kuma yana nuni zuwa gare su duka. Wani ya ga sunan fayil bai yi masa ba ya canza shi daga cikin folda, ko ya ja shi zuwa wata folda don "gyara wuri", washegari a buɗe injin a ga sassa sun ɓace. Sannan idan mutum biyu suka buɗe fayil ɗaya suka yi gyara, manhajar daidaitawa ba ta iya haɗa gyaran biyu. Dropbox zai ajiye kwafi na biyu ya rubuta masa cewa an samu karo, OneDrive zai liƙa sunan kwamfutarka a ƙarshen sunan fayil ɗin. Dole ɗaya daga cikinku ya sake aikinsa, kuma sau da yawa ba a lura sai bayan mako guda. Masu zanen gini da Revit su kiyaye musamman: Autodesk, kamfanin da ya yi Revit, shi da kansa ba ya goyon bayan a ɗora babban fayil ɗin da kowa ke aiki a kansa cikin irin waɗannan foldoji masu daidaita kansu.

Tarihin sigogi ma bai kai yadda ake zato ba. Google Drive na iya goge tsohuwar sigar fayil bayan kwana 30 ko bayan an yi sigogi 100, sai dai in ka ce masa ya riƙe ta dindindin. Injin da aka sayar shekara uku da suka wuce ya dawo gyara, ina zanensa na wancan lokacin?

Sai Excel, abokin tafiyar folda, wanda a cikinsa ake rubuta jerin kayan haɗi. Ka rubuta lambar sashi 00412, ya cinye sifilan ya bar maka 412. Ka rubuta 3-12, ya mayar da ita kwanan wata. Wannan halin nasa ya addabi masana ƙwayoyin halitta har a 2020 suka canza wa wasu ƙwayoyin suna don kada Excel ya riƙa mayar da su watannin Maris da Satumba. Kuma ba zai hana mutum biyu su ba sassa daban-daban lamba ɗaya ba, abin da rumbun bayanai na gaske yake ƙi tun a bakin ƙofa.

Duk da haka, ga mutum biyu ko uku da ke zane mai fuska biyu a AutoCAD, folda ta isa idan akwai doka. Ana iya aron tsarin ISO 19650 na 2018, wanda masu gini ke bi: wuri na aikin da ke gudana, wuri na abin da aka raba don dubawa, wuri na abin da aka amince da shi, da wurin adana tsofaffi. Mutum ɗaya kaɗai ke da ikon sa fayil a foldar amincewa. Dokar tana aiki har ranar da aka shiga gaggawa.

Rumbu a cikin ofis: SolidWorks PDM da Autodesk Vault

PDM, wato manhajar kula da fayilolin zane da labarinsu, ita ce hanyar da aka gina musamman don matsalar da ke sama. Ana ajiye sabar guda a ofis, wato kwamfutar da ke riƙe da fayilolin kowa. Fayilolin suna shiga ma'ajiya da ba a taɓa ta kai tsaye, labarinsu kuma yana shiga rumbun bayanai na Microsoft SQL Server. Idan za ka yi gyara sai ka ɗauki fayil da sunanka, nan take a kulle shi, kowa na iya kallo amma ba mai iya canzawa. Ka gama ka mayar, ka rubuta abin da ka yi, sai ya zama sabuwar siga, tsohuwar tana nan ba a goge ba. Kamar makullin sito ne guda ɗaya da ke rataye a ofis tare da littafin sa hannu: in ba ya kan ƙusa, littafin zai gaya maka a hannun wa yake.

Inda ya fi burge ni shi ne alaƙar sassa. Ka danna kan waccan sandar mai milimita 25, ya lissafo maka duk injin da take ciki da duk zanen da ya ambace ta, kafin ka taɓa komai. Ka canza sunan fayil ko ka matsar da shi, rumbun zai gyara nunin da kansa. Jerin kayan haɗi yana fitowa daga zanen, ba sai an sake buga shi da hannu ba. Kuma ana iya tsara matakai: fayil ya tashi daga "ana aiki" zuwa "ana dubawa" zuwa "an amince", ta yadda mai sayayya ba zai ma ga abin da ba a amince da shi ba.

Ta fuskar kuɗi akwai labari mai daɗi da mutane da yawa ba su sani ba. SolidWorks PDM Standard yana zuwa ne tare da lasisin SolidWorks Professional da Premium, Vault Basic kuma yana zuwa da rajistar Inventor. Dukansu suna iya tafiya a kan SQL Server Express, wanda kyauta ne. An daɗe ana tsoratar da mutane da iyakar gigabait 10 ta Express, alhali labarin fayiloli ne kawai ke shiga cikinta, zanen kansa yana waje, don haka ƙaramin ofis zai daɗe bai cika ta ba. Abin da ƙananan sigogin ba su da shi shi ne na manyan: PDM Standard ya taƙaita matakan amincewa zuwa goma, ba ya kwafa ma'ajiya zuwa reshe na biyu a wani gari, ba shi da shiga ta burauza. Vault Basic kuma ba shi da tsarin matakan amincewa da takardar neman canji, sai an hau Professional.

Sai dai a faɗi gaskiya, "yana zuwa da lasisi" na nufin akwai lasisin. Ofishin da ke aiki da kwafin da aka fasa ba shi da wannan garaɓasar, kuma ɗora dukiyar kamfani kacokan a kan rumbun da ba ka da wanda za ka kira in ya lalace ganganci ne.

Nauyinsa na gaske ba na manhaja ba ne. Sabar tana buƙatar wutar da ba ta yankewa, domin ɗaukewar wuta a daidai lokacin da ake rubutu a faifai na iya lalata bayanai, saboda haka inbata da batir wajibi ne, ba ado ba. Tana buƙatar wuri mai sanyi da ba ƙura, wanda a watan Afrilu ko lokacin hunturu ba ƙaramin aiki ba ne. Ajiyar kwafi kuma sai an yi ta biyu a lokaci guda, rumbun SQL da ma'ajiyar fayiloli. Wanda ya kwafi ɗaya ya bar ɗaya zai tarar da foldoji masu sunayen lambobi da haruffa marasa ma'ana, ko kuma teburi mai nuni zuwa ga fayilolin da babu su. Sannan dole a samu mutum ɗaya da ya san kan abin, kuma ranar da ya samu aiki a Abuja ko Legas, a tabbata ba da kalmar sirrin ya tafi ba.

Amfaninsa a wurinmu shi ne ba ruwansa da intanet. A Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a layin Ugwuaji zuwa Apir, ofishin da ke da sola da sabar a ɗaki ɗaya yana iya ci gaba da zane. Rauninsa kuma yana bayyana ne idan ɗaya daga cikinku yana Zariya, ɗaya yana Kano: jawo zanen babban inji ta VPN, wato kafar shiga sabar ofis daga nesa, a kan datar waya abu ne mai cin rai.

Manyan yayyensu, Teamcenter na Siemens, Windchill na PTC da ENOVIA na Dassault, na masu ƙera motoci da jirage ne. Shigar da su kaɗai aikin watanni ne da ƙwararru na haya. Kamfani mai injiniyoyi goma ya wuce su kawai.

Onshape: babu fayil sam

Jon Hirschtick da wasu abokansa da suka kafa SolidWorks ne suka fara Onshape, manhajar zanen inji, a 2012, kamfanin PTC ya saye shi a 2019 kan kimanin dala miliyan 470. Tunaninsu shi ne, maimakon a kulle fayil, a kawar da fayil ɗin gaba ɗaya. Zanen da kansa yana zaune a rumbun bayanai a gajimare, wato sabar kamfanin da ke intanet, ana buɗe shi a burauza ko a waya. Mutum uku na iya aiki a kan inji ɗaya a lokaci guda, kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ke yi. Babu maɓallin adanawa, kowane motsi ana rubuta shi da sunan wanda ya yi, ana iya komawa kowane mataki. Kana iya cire reshe ka gwada sanda mai milimita 30 ba tare da ka taɓa ainihin zanen ba, in ta yi ka haɗe, in ba ta yi ba ka watsar.

A tambayoyi huɗun farko babu wanda ya kai shi sauƙi, kuma babu sabar, babu ajiyar kwafi, babu buƙatar kwamfuta mai tsada sosai. A ta biyar ne yake faɗuwa warwas: in babu intanet, babu zane, ko kallonsa ba za ka yi ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya da maƙwabta, har bankuna suka ji a jikinsu. Shigowar Starlink Najeriya a farkon 2023 ta rage wannan fargaba ga mai hali, amma wani kuɗin wata ne a kan na manhaja.

Kuɗin manhajar kuwa da dala ne, kowace shekara, kan kowane mutum. Farashin da suka daɗe suna tallatawa ya fara daga wajen dala 1,500, tsarin amincewa da sakin zane kuma yana mataki na sama da ya fi tsada. Duk wanda ya ga yadda naira ta kasance bayan Yunin 2023 ya san kasafin da aka yi da dala ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akwai na kyauta, amma sharaɗinsa shi ne duk abin da ka zana a buɗe yake ga kowa a duniya, kuma ba don kasuwanci ba ne. Ya dace da ɗalibi mai koyo, bai dace da injin da kake fatan sayarwa ba.

A kuma yi tunanin ranar fita tun kafin a shiga. Za ka iya fitar da zanenka a tsarin STEP, wanda kusan kowace manhaja ke karantawa, amma siffar kawai za ta fito. Matakan da aka bi aka gina ta, waɗanda su ne ke sa a canza lamba ɗaya komai ya bi, suna can a baya. Autodesk Fusion yana tsaka-tsaki: bayanansa a gajimare suke, amma ana shigar da shi a kwamfuta, kuma yana barin a yi aiki na wani lokaci ba intanet a kan abin da aka riga aka sauke.

Git da rumbun da ka gina da kanka

Matasa masu rubuta manhaja sukan ce, me ya sa ba za a zuba komai a Git ba? Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005 don adana tarihin gyare-gyaren rubutun manhaja, ƙarfinsa kuma shi ne kwatanta layi da layi da haɗe gyaran mutum biyu. Fayil ɗin SolidWorks ba layuka ba ne, dunƙule ne, don haka Git ba zai nuna maka abin da ya canza ba, ba zai haɗe ba, kuma ma'ajiyar za ta yi ta kumbura. GitHub ma, shafin da ake ɗora ma'ajiyar Git, ba ya karɓar fayil da ya wuce megabait 100 kai tsaye. Git LFS, ƙarin da aka yi wa Git don manyan fayiloli, yana rage nauyin, yana kuma ba da damar kulle fayil, amma har yanzu bai san cewa wannan sandar tana cikin wancan injin ba.

Ga masu zana allon lantarki labarin daban ne. KiCad, manhajar zana allon lantarki, fayilolinsa rubutu ne zalla, shi kansa kyauta ne, kuma tun siga ta 7 a 2023 yana iya jawo jerin sassansa kai tsaye daga rumbun bayanai irin PostgreSQL ko SQLite. Ƙungiyar da ke ƙera na'urar cajin sola ko mitar ruwa za ta iya haɗa zanen allo, manhajar cikinsa da jerin sassa a wuri ɗaya ba tare da ta biya ko kwabo na lasisi ba, kuma kowa yana da cikakken kwafi a kwamfutarsa ko da intanet ta tafi.

Gina naka rumbun daga tushe kuwa, ina ba da shawarar a tsaya a lambobin sassa, masu sayarwa, farashi da abin da ke sito. Ko wannan ma akwai InvenTree da Part-DB da aka riga aka rubuta, kyauta. Amma sake ƙirƙiro kulle fayil da bin alaƙar zane aiki ne da zai cinye injiniyan da aka ɗauka don ya zana inji.

To wanne?

Idan kuna ɗaki ɗaya, kun kai huɗu zuwa goma sha biyar, kuna da lasisin SolidWorks ko Inventor na gaskiya, ku kunna PDM Standard ko Vault Basic da kuka riga kuka biya, kuɗin da ya rage ku sa a batir da faifan ajiya na biyu da zai riƙa kwana a wani gida. Wannan ne zaɓina ga yawancin masu ƙera injina a Kano ko Kaduna, saboda abin da zai iya tsayar da shi yana hannunku. Idan kuna warwatse a garuruwa, ko kuna aiki da abokin hulɗa a ƙasar waje wanda ke biya da dala, Onshape ya fi, da sharaɗin layin intanet biyu daga kamfanoni daban-daban da kuma fitar da STEP da PDF na duk abin da aka amince da shi a ajiye a gida. Masu lantarki su ɗauki KiCad da Git. Folda ta zauna a matsayin wurin da mai walda da mai sayayya ke ɗaukar PDF ɗin da aka amince da shi, kowanne da lambar sashi da harafin siga a rubuce ƙarara a kusurwar takarda.

Kowanne aka zaɓa, akwai aikin da ke gabansa, wato ba kowane sashi lamba ɗaya tak. Ni na fi son lamba mai bin juna wadda ba ta ɗauke da ma'ana, kamar 100245, a bar bayanin sashin a cikin rumbu. Lambar da aka cusa wa sunan inji da nau'in ƙarfe takan zama ƙarya ranar da aka yi amfani da sashin a inji na biyu ko aka canza ƙarfen. Kuma kada a kwashe tsohuwar folda gaba ɗaya a juye cikin sabon rumbu. Vault da SolidWorks PDM duka suna da saitin hana fayiloli biyu ɗaukar suna ɗaya, a kunna shi tun ranar farko, a fara da inji guda da ake kan ƙerawa yanzu, sauran a riƙa shigo da su ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da aka buƙaci taɓa su.